Taswirar da Ta Manta da 'Ya'yan Fari

Ranar Litinin da aka kawo ku ku huɗu ku fara koyon aiki a ofishinmu na Bici, na ji ɗayanku a bakin ƙofa yana gaya wa 'yan'uwansa cewa in an ba shi kwana biyu da data mai kyau, zai ƙera manhajar da ta fi tamu. Ban ji haushi ba. Na saci kallon kwamfutarsa, siririya kamar faifai, tana buɗewa kafin mutum ya gama bismilla, sai na ji ina ma tawa ce. Wadda na fara aiki da ita, sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo tana nan tana miƙa. Ban girme ku da yawa ba. Shekarata bakwai ke nan a sana'ar, kuma na yarda cikin kwana biyu za a iya ƙera abin da zai yi ƙyalli a allo. Abin da nake so in rubuta muku, tun kafin a raba muku ƙauyuka, shi ne sauran aikin da ba ya fitowa a allon.

Aikinmu biyu ne a haɗe. Na farko, mu shirya yadda waya za ta yi wa mutum magana, mutum ya amsa mata, ita kuma ta miƙa amsar gaba, har labari ya taso daga tsakar wani gida a bayan Watari ya zama ɗigo a taswirar da ke bangon nan. Na biyu, mu san cuta: kwana nawa take ɓuya a jiki kafin ta nuna kanta, da hanyar da take bi daga wannan gari zuwa wancan. Wanda ya iya na farko kawai zai yi abin wasa mai kyau. Wanda ya iya na biyu kawai, labari zai riƙa iso masa bayan an dawo daga maƙabarta.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙananan wayoyi masu madannai, irin waɗanda caji ɗaya ke kai su kwana huɗu. Kowace a naɗe ta cikin leda, domin hannun da zai ɗauke ta daga ƙullu ya fito ko daga wanki. Ɗan faifan sola da za a jingina a jikin rumbu. Kwalbar jan farce, wadda muke ɗiga wa madanni na ɗaya don kada a tsaya neman lamba da yaro yana kuka. Sai littafi mai kauri, domin sabis yana da garuruwan da yake fushi da su. A Kwarin Gawo sai ka hau tudun bayan masallaci ka fuskanci gabas kafin saƙo ya tafi. Waɗannan wuraren ba a koyar da su a jami'a, a littafin nan za ku rubuta su da hannunku.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Dakta Lawan, dattijon nan mai farin tabarau da kuka gaisa da shi. Na zo masa da digirina na kwamfuta da kaina cike da zane-zane, sai ya karɓi kwamfutar ya kulle a durowa.

"Sadiya, kin taɓa ganin ƙyanda?"

"Na karanta ta, Dakta."

"To je ki gaishe ta. In kun saba, ki dawo ki karɓi kayanki."

Ya tura ni wani asibitin sha-ka-tafi kusa da Watari, ɗaki biyu da baranda, na yi wata uku a ƙarƙashin ma'aikaciyar lafiyar wurin, Yaya Larai.

A barandar nan na ga yadda ƙyanda ke tafiya. Yaro ya ɗauke ta yau, ya yi kwana goma yana guje-gujensa lafiya lau. Sai zazzaɓi, sai mura da tari, ido ya yi ja yana ruwa yana gudun haske. In ka buɗe bakinsa, cikin kumatu akwai fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa gishiri. Bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su ɓullo a bayan kunne, su gangaro fuska da ƙirji har ƙafa, a hankali kamar inuwar la'asar na sauka a bango. Abin da ya kamata mai ƙera manhaja ya riƙe shi ne, kafin ƙurajen su fito yaron ya riga ya raba wa abokan wasansa. Duk ɗigon da kuka gani a taswira, labarin mako biyu da suka wuce ne. Aikinmu mu yi hasashen inda ɗigon gobe yake kwance yana wasa da ƙasa.

Yaya Larai gajera ce, mai murya kamar tana kiran wani a hayin rafi, silifas ɗinta kullum da ƙura. Karatunta bai kai rabin nawa ba. Amma in muka shiga gida, ni nakan tsaya a bakin ƙofa ina jera gaisuwa, ita kuwa ta riga ta buɗe tukunya tana cewa miyar ta yi ruwa. Mata su yi ta dariya, suna miƙo mata yara, suna gaya mata abin da ba su gaya wa mazajensu ba. Ni sai a shimfiɗa mini tabarma mai kyau a gefe, a kawo mini ruwa a kofin baƙi. Wata uku ina zaune a kan tabarmar baƙi ina kallon ta a bakin murhu.

Aikin farko da na yi bayan an maido mini da kwamfutata shi ne muryar wayar. Tsarin mai sauƙi ne: duk safiyar Talata waya ta kira uwa, ta tambaye ta ko akwai mai zazzaɓi, ko akwai mai ƙuraje, ita kuma ta danna. Na ɗauki muryata a ɗaki mai shiru, na maimaita kowace jimla har sai da ta yi santsi. Mako biyu ana kashe mini waya tun ban kai tambaya ta biyu ba. Da na je bin sawu, wata mata ta ce, "Ayya, Malama, ke ce? Na ɗauka masu sanarwar rediyo ne, ban zaci da ni ake ba."

Yaya Larai ta ɗauki tata a zama ɗaya, a baranda, akuya na kuka a bayanta. Ta ƙi bin takardata. Ta fara da, "Sannu da gida, ya zafi, ya mai jiki in akwai? Larai ce, kada ki kashe, na san ki." Na ce gaisuwar ta yi tsawo, a yanke. Dakta ya saurara sau biyu ya ce ko tarin da ta yi a tsakiya kada a taɓa. Daga makon nan amsoshi suka fara shigowa kamar an buɗe famfo. Wata takwas na yi ina ƙera abin, layi bayan layi, amma daga Watari har bakin Bici sunansa wayar Larai. Akwai mai unguwar da ya tare ni a hanya ya ce, "Malama, ke ce mai yi wa Larai cajin wayoyi? Ki ce mata tamu ta fara ciwon kunne." Na ce zan gaya mata.

Abin da yake nawa ni kaɗai, wanda ba mai muryar da za ta ƙwace, shi ne zaren taswira. Tsakanin kowane gari da gari na ja zare bisa abin da ke haɗa mutanensu: ranar kasuwa, makarantar firamare, masallacin Juma'a, hanyar da motocin wake ke bi zuwa Dawanau, rijiyar burtsatse da unguwa biyu ke sha. Inda cuɗanya ta yi yawa zaren ya yi kauri. In ɗigo ya bayyana a wani gari, kwamfuta ta bi zaruruwan ta haska garin da ya fi kusa da kamuwa. Shekara guda na yi ina zama a tashoshi ina ƙirga masu hawa da sauka. In na kashe fitilar ofis na kunna taswirar, takan yi mini kama da saƙar gizo da raɓa ta kwanta a kai. Ina son ta ƙwarai, kuma son nan ya shiga cikin abin da ya faru.

Wayoyin kuwa mun raba su ne ga masu goyo da masu ƙananan yara. Ranar rajista wayar takan tambayi uwa yara nawa gare ta 'yan ƙasa da shekara biyar, ta danna, sai muryar ta maimaita da ƙarfi, "Kin ce biyu ko?" don a tabbatar. Ni na sa wannan maimaicin, ina alfahari da shi, domin yana rage kuskure.

Wata rana muna cin ɗanwake a barandar asibitin, Yaya Larai ta ce, bakinta cike, "Ƙanwata, ki sa kakanni a abin nan naki."

"Kakanni kuma? Su da suka gama haihuwa?"

"Ki dai sa su."

Sai aka shigo da wani da lauje ya yanka, ta tashi. Na rubuta maganar a littafina, har na ja mata layi. A makon nan ne wasu baƙi suka zo daga Kano, Dakta ya nuna Yaya Larai a gabansu ya ce, "Wannan ita ce idonmu. In ta ce ku kwashe shanya, ku kwashe ko da sama garau take." Ni kuma ya ce, "Ga mai kula mana da kwamfuta." Ban koma na tambaye ta me take nufi da kakanni ba. Da Dakta ne ya faɗa, da a ranar zan yi. Shafin yana nan, layin da na ja yana nan, wata biyar kafin shekarar ƙyanda.

Da bazara ta zo, lokacin da ganyen darbejiya kaɗai ke da sauran kore, ɗigo ya fara fitowa a Kwarin Gawo. Ɗaya, uku, sai unguwa guda ta yi ja. Wayoyin sun yi aikinsu, mun sani da wuri. Matsalar allurar rigakafi ce. Abin da aka aiko mana akwatin sanyi ɗaya ne, wanda bayan an yi wa Kwarin Gawo, ragowar gari ɗaya kawai za ta isa. Ta gaba kuma ba wanda ya san ranar zuwanta. Ƙanƙarar akwatin ba ta wuce yini. Dole a zaɓi gari ɗaya da safen nan.

Muka zauna mu uku a gaban taswira, ni da Dakta da Yaya Larai. Ta haska Mararraba, babban gari a kan hanyar Dawanau, zarensa da Kwarin Gawo kamar igiyar guga. Yaya Larai ko kallon allon ba ta yi ba.

"Tudun Kanya za a kai, Dakta."

Na ce, "Yaya Larai, Tudun Kanya babu ɗigo ko ɗaya. Ba kasuwa tsakaninsu da Kwarin Gawo, ba makaranta, ko hanyar mota babu."

"Akwai suna. An yi suna a Kwarin Gawo, gidan su Azumi, kwana goma sha biyu da suka wuce, na ci tuwon. Matan Kwarin Gawo ai daga Tudun Kanya ake auro su."

"Suna ko'ina ana yi."

"Waya nawa gare ki a Tudun Kanya?"

"Uku. Kuma duka ukun sun ce lafiya."

"Ukun a hannun masu goyo suke. Tsofaffin fa, wa ya tambaye su?"

Nan take na tuna shafin nan na kakanni. Maimakon in ce ta yi bayani, sai na juya ga Dakta na ce, "In cin tuwon suna za mu bi, me ya sa muka ɓata shekara biyu muna ƙera wannan?"

Ta yi dariya ta ce, "Tuwon ma bai yi daɗi ba, ƙanwata."

Dakta ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Mararraba ta fi yawan yara, kuma shi ne zai rubuta wa na sama dalilin zaɓinsa. Taswira tana shiga takarda, tuwon suna ba ya shiga. Ya ce mota ta tafi Mararraba, mu biyu kuma mu hau babur mu je mu gano masa Tudun Kanya da idonmu.

Muka fara biyawa ta Kwarin Gawo, gidan da aka yi sunan. Azumi na zaune a ƙofar ɗakinta da jaririya a cinya, uwar mijinta, wadda kowa ke kira Iya, tana gyaran zogale. A rajistata Azumi 'ya ɗaya gare ta, wannan jaririyar. Yaya Larai ta zauna ta ja ganyen tana tsinka.

"Iya, baƙin Tudun Kanya sun koma lafiya?"

"Sun koma. Inna Kande da maigidanta ai kwana biyar suka yi mana. Shi ko ɗaki bai zauna ba, kullum yana gidan maƙwabta cikin yara."

Gidan maƙwabtan nan ɗigo uku ne a taswirata. Na matsa kusa da Azumi na ce, "Azumi, yaranki nawa?"

Ta dubi jaririyar. "Ga ta nan."

"Ita kaɗai? Wane ne maigidan Inna Kande?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tashi ta shige ɗaki. Iya ta ajiye tiren tana dariya har da tafa cinya.

"Ke 'yar nan, a wane gari aka haife ki? A gabana za ki tambaye ta ɗan fari? Ko ni da na haifi takwas, bakwai nake cewa in an tambaya."

Sai a lokacin na ga abin a fili. Wayar a tsakar gida ake saurarenta, kowa na ji. Uwa ta danna, murya ta ɗaga ta ce, "Kin ce biyu ko?" a gaban uwar miji da facaloli. Wace mai kunya ce za ta bari a yi mata shelar ɗan farinta? Ballantana yaron ba ya ma gidan. Tun ranar yaye aka kai shi wajen Inna Kande, kakarsa ta wajen uwa, can ya zauna. Uwa ba ta ƙirga shi ba, kaka kuma ban ba ta waya ba.

Daga Kwarin Gawo zuwa Tudun Kanya babur ba ya wuce bakin kwalbati, sai a taka. Muka bi gefen magudanar ruwan Watari, albasa da tumatir kore shar a dama da hagu, kamar bazara ba ta san da wurin ba. Yaya Larai na gaba, ba ta waiwayo ba ta ce, "Ke ba 'yar fari ba ce?"

"Ni ce."

"Hajiyarku me take ce miki?"

"Ke. In da wani take magana, yarinyar nan."

"Wa ya yaye ki?"

"Kakata. A wajenta na yi firamare."

Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tafiya. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Gidan Inna Kande yara biyar muka tarar, ba ɗaya da uwarsa ke garin. Jikoki ne daga 'ya'yanta mata da ke aure a ƙauyuka daban-daban. Gidan da ke kusa haka, na bayansa ma haka. Tudun Kanya garin kakanni ne, 'yan matansa sun watsu gidajen aure, 'ya'yan farinsu sun dawo. A taswirata kuwa ɗan ƙauye ne mai yara kaɗan, ba zare ko ɗaya a jikinsa.

Inna Kande ta ɗaga labule ta ce, "Ku shigo ku ga ango. Kwana huɗu ke nan ya yi mini yaji, ko fura ba ya karɓa a hannuna. Auwalu, tashi ga 'yan biko na kawo." Ta matsa gefe muka shiga.

Yaron bai kai shekara huɗu ba. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, idanunsa a manne da ruwa mai kauri, ƙuraje sun sauko har wuya. Yaya Larai ta durƙusa ta wanke idon da ruwan da ta tafasa, ta fasa 'yar ƙwayar bitamin ta ido ta matse masa a baki, tana ce masa ango mai rowa, wa zai aure shi da wannan fuskar. Ni na buɗe bakin sauran huɗun. Ba gishiri a kumatun kowa tukuna. Tabarma ɗaya suke kwana da shi. Da allurar na hannunmu a ranar, da akwai waɗanda za ta riga cutar, a gidan da kuma sauran gidajen.

Na yi ta yawo da waya a sama har na sami sabis a kan wani tsohon bango. Dakta ya ɗauka, ina jin hayaniyar mata a bayansa. Ya ce an buɗe kwalabe tun hantsi, layi ya kai bakin kasuwa, saura kaɗan a gama. Na gaya masa abin da muka gani. Sai ya ce, "Ba ni Larai." Na sauko daga bangon na kai mata.

Allura ta biyu ta iso bayan kwana goma sha ɗaya. Kafin nan labari ya kai ga iyaye maza, kowa ya zo ya ɗauke ɗansa ya gudu da shi gida, yara masu wasa lafiya lau da cutar kwance a jikinsu. Ɗigo ya fara fitowa a ƙauyukan da ba kasuwa ba mota tsakaninsu, ɗaya nan ɗaya can, kamar an watsa gero. Tudun Kanya ta binne yara biyu, ɗaya daga tabarmar Inna Kande. Auwalu ya tashi, amma idonsa na hagu ya yi fari. Mararraba ba ta sami ko ɗaya ba. Ko allurar ce ta tsare ta, ko dama cutar ba can ta nufa ba, ba mai iya cewa. A taron Kano an yaba wa taswirar saboda Mararraba, aka tafa mini. Yaya Larai na asibitinta ranar, tana awon ciki.

Gyaran bai ɗauke ni rabin yini ba, ga mai son sanin abin da ake yi cikin kwana biyu. Na cire maimaicin. Na ƙara sabon zare kala uku: aure, yaye, suna. Aka ware wayoyi don kakanni. Sai tambayar da za a yi wa uwa. Na rubuta, "Shin kina da ɗa ko 'ya da ke zaune a wani gida?" Yaya Larai ta karanta ta ce, "Wannan ai alƙali ne ke tambaya." Ta karɓi abin ɗaukar murya ta ce, "Akwai wani wajen su Inna? In akwai, taɓa jan nan, ba sai kin ce komai ba." Kalma goma sha shida. Na yi mako ina neman wadda zan gyara a ciki, ban samu ba. Ita ce tambaya ta huɗu da za ku ji in kun kunna wayar, kuma da Yaya Larai za ku fita ranar Talata, ba da ni ba. Ku lura da inda take zama in ta shiga gida.

Saura aiki ɗaya a shekarar, gaya wa Azumi. Tana cikin jego ba ta fita, kuma ko ba jego ba za ta ɗauki ƙafa ta ce za ta dubo shi ba. Ta ji yana kwance, ta ji an yi rashi a gidan, ba ta da bakin tambayar wanne ne. Na shirya maganata tun a ofis, har da inda zan ce laifina ne. A bakin zaure Yaya Larai ta riƙe mini hannu.

"Kada ki yi mata magana. Kada ma ki kalle ta."

Muka tarar da Azumi tana tankaɗe a gindin turmi, ta ba mu baya. Yaya Larai ta zauna wajen Iya. Suka yi zancen zafi, suka yi zancen albasa da ta yi araha har ana bai wa awaki. Sai can ta ɗaga murya kaɗan.

"Af, Iya, maigidan Inna Kande fa ya tashi. Jiya ya shanye ƙwaryar fura yana neman ƙari. Ido ɗaya dai Allah ya karɓi abinsa, na hagu. Na daman garau, tun daga bakin rijiya ya hango ni ya ruga, wai ga mai allura."

Iya ta ce, "Allah ya raya. Ido ɗaya ai ya isa ganin amarya."

Na saɓa umarni na saci kallo. Rariyar ta tsaya a hannun Azumi. Sai ta ɗebo garin da ta riga ta tankaɗe ta mayar cikin rariyar, ta sake tankaɗe shi, a hankali, har muka gama hira muka yi sallama.

Muna cikin zaure muka ji tafiya a bayanmu. Azumi ce, da ɗan ƙulli a baƙar leda. Ta bakin ledar ina hango ƙuli-ƙuli da wata 'yar hula shuɗiya, saƙar hannu. Ni ce kusa da ita, kuma ni ce zan je Tudun Kanya washegari in raba wa kakanni wayoyi, an faɗa a gabanta. Na miƙa hannu.

Ta kewaye ni, ta buɗe jakar Yaya Larai da kanta ta cusa ƙullin can ƙasa, idonta a ƙasa.

"Yaya, ki kai wa Inna. Ko akwai mai so a gidan."

Na mayar da hannuna na gyara mayafina, kamar dama abin da na ɗaga shi in yi ke nan.